Daren da Na Kare Iyalina

A unguwarmu ta Mabera ɓarayi sun daina neman kuɗi, don sun san babu. Abin da suke ɗauka yanzu shi ne batirin sola, da injin jan ruwa, da tukunyar gas, da wayar da aka bari tana caji kusa da taga. Wani maƙwabcinmu ya kwanta fanka tana kaɗa masa, ya farka sharkaf da gumi yana zagin masu wuta, sai da gari ya waye ya tuna ai ba wutarsu yake sha ba, batirinsa ne ya yi ƙafa. Ba a jima ba aka shiga gidan da ke bayan namu aka kwance injin rijiya, aka bar musu tiyo a naɗe tsaf a gefe. Matar gidan ta ce ko ba komai ɓarawon ya samu tarbiyya.

Ni Bagobiri ne. Dangina suna can wajen Sabon Birni da Isa, inda mutane ke kwana da takalmi a ƙafa saboda 'yan bindiga, don haka idan suka bugo waya suka tambayi lafiyar birni, kunya ba ta barina in ce batiri ne ya hana ni barci. Amma batirin nan bashi na ci na saya, kuma ban gama biya ba. Jami'an tsaron al'umma da Gwamna Ahmad Aliyu ya ƙaddamar a 2024 an kafa su ne don garuruwan da ake kai wa hari, ba don su zo su tsaya a kan batirin malamin makaranta ba. 'Yan sintirin unguwa kuwa muna biyan su duk wata, kuma suna ƙoƙari, sai dai usur ɗin da suke busawa ya fi amfanar ɓarawo, don da shi yake sanin layin da suke.

Na kai maganar teburin mai shayi. Maƙwabcina na dama, tsohon soja ne da kowa ke kira Saje, ya ce in nemi gora mai kyau in ajiye bayan ƙofa. Na gode masa, amma gora tana bukatar ka matsa kusa da ɓarawo, ni kuwa duk tsarina na tsaro an gina shi ne a kan kada mu kusanci juna. Wani ya ce kare. Uwargida ta ce gidan da ake auna shinkafa da gwangwanin madara ba a ƙara masa baki, balle bakin da zai lashi butar alwala. Maganar bindiga ba ta ma taso ba. Ban da wahalar lasisi, ni mutum ne da ko ragon layya sai an kira mini mahauci.

Ƙanen uwargida, wanda ke zaune a gidanmu yana karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ya kawo mafita. Wata rana ya ajiye mini wani ɗan mitsitsin gwangwani, tsawonsa bai wuce yatsa ba, ya ce, “Yaya, ga maganin ɓarawo. Ruwan barkono ne, fesawa ake yi a ido.” Na juya shi, na karanta bayansa. An rubuta cewa yana kaiwa mita 3. Na fita na auna tsakar gidana da taku, daga ƙofar ɗaki zuwa katanga ya kusa mita 10. Ke nan sai in fito in yi wa ɓarawo sallama, in roƙe shi ya ɗan matso. Ƙari a kan haka, uwargida ta tsince shi a kan tebur ta jera shi cikin turarukanta, kuma da ƙyar na ƙwace shi a hannunta ranar da take shirin zuwa biki a Runjin Sambo. A ranar na yanke shawara: ƙaramin nan haɗari ne, a nemo babba wanda ba wanda zai ɗauka turare ne.

Malamin makaranta ba ya sayen abu bai yi bincike ba, sai dai in ba shi da data. Na zauna na karanta. Abin da ke cikin gwangwanin nan ashe ba wani baƙon sinadari ba ne, man barkono ne aka tatsa aka tace, aka ɗura da iska mai ƙarfi. Sinadarin da ke sa yaji sunansa kafsaisin. Har ma'auni gare shi, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. Yadda ya yi shi ne ya riƙa sirka ruwan barkono da ruwan sukari yana ba mutane suna ɗanɗanawa, har sai sun ce ba su jin komai. Yawan sirkin da aka yi shi ne lambar barkonon. Ban san abin da aka biya masu ɗanɗanon ba da zan ce ya ishe su. A wannan ma'auni attarugun da muke saya a Kasuwar Daji, wanda guda biyu ke tayar da tukunyar miya, yana tsakanin 100,000 da 350,000. Kafsaisin zalla yana kai miliyan 16. A jikin gwangwanayen fesawa da yawa kuwa za ka ga an rubuta miliyan 2. Da na ga haka sai na ji wata irin natsuwa ta sauko mini, har na fara tausayin ɓarawon da bai zo ba tukuna.

Mai sayarwar a Legas yake, na same shi ta WhatsApp. Bayerabe ne da ya tashi a Kano, Hausa a bakinsa raɗau. Da ya ji ni Bagobiri ne sai ya ce ashe da bawansa yake ciniki. Na ce da ubangidansa dai. Na ɗauka wasan taubasantaka zai sa ya yi mini ragi, sai ya ce ai bawa ba ya taya kayan ubangidansa. Ya turo hotuna. Akwai mai fita siriri ya tafi kai tsaye. Akwai mai kauri da ke manne wa fuska ba ya watsuwa, ya ce shi ne ya dace da cikin gida inda ke da yara. Akwai kuma mai fita hazo ya cika wuri.

Na yi watsi da biyun farko nan take. Duk suna bukatar saiti, hannuna kuwa ko alli na riƙe a gaban sufeto rawa yake yi. Ni ina son wanda zan danna in rufe ido, shi ya je ya nemo ɓarawon da kansa. A ƙasan hotunan sai na hango wani baƙin gwangwani, tsawonsa taƙi guda da ɗoriya, da hannun riƙewa da kunamar dannawa, ga hoton wata ƙatuwar dabba mai gashi ta wage baki.

“Wancan fa?”

“Alaji, bar wancan. Na daji ne, ba na gida ba.”

Dabbar ita ce beya, wadda ke dazuzzukan Amurka da Kanada da Rasha. An samar da irin wannan feshin ne a shekarun 1980 bayan gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbar a Jami'ar Montana, don masu yawon daji da ke cin karo da ita. Nauyin abin da ke ciki giram 225, yana kaiwa wajen mita 9, kuma yana juye cikinsa kaf a cikin daƙiƙa 7 ko makamancin haka. Mita 9! Kusan tsawon tsakar gidana ke nan, sai ka ce tela ya auna. Na ce a raina, abin da ya kori dabba mai kilo 300, ina ga ɗan unguwa da bai ci tuwon dare ba?

Ƙanen uwargida ya so ya hana. Ya ce a Ingila mallakar ko da ɗan ƙaramin gwangwanin laifi ne, dokar makamai ta 1968 ta sa shi cikin haramtattun makamai. Ya ce a watan Disamba na 2018, a wani rumbun kayan kamfanin Amazon da ke jihar New Jersey, wata na'ura ta huda gwangwani guda ɗaya irin wannan, sai da aka kwashi ma'aikata 24 zuwa asibiti. Shi gargaɗi yake yi, ni kuwa talla nake ji. Gwangwani ɗaya, mutum 24, kuma Turawa masu cin abinci mai kyau. Na tura kuɗin a daren, kuɗin da ya kusa na makarantar yaro na zango guda.

Kayan ya iso a hannun wani direba, na je tasha na karɓa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya ga kan abin ya leƙo daga kwali, ya ce, “Malam, wanga na kashe gobara na?” Na ce maganin sauro ne. Ya yi shiru har muka wuce shatale-tale, sannan ya ce, “Na san sauron Mabera, amma ban san ya kai haka ba.”

A gida ne na karanta ƙananan rubutun da hoto bai nuna ba. Kada a ajiye inda zafi zai kai digiri 50. Kada a bari a mota. Kada a bari kusa da wuta. Kada yara su kai gare shi. Duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa Sakkwato a watan Afrilu ba, lokacin da inuwa kanta ke kai digiri 43 ko 44, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuwa ba a ma tambaya. Akwai wani abu da na ci karo da shi a karatuna wanda ya tsaya mini a rai. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, ya gano a 1997 cewa 'yar kafar da ke jikin jijiyoyinmu mai jin yajin barkono ita ce dai mai jin zafin wuta, kuma tana fara ƙara ne daga wajen digiri 43. Barkono yaudarar ta yake yi, jiki ya ɗauka ƙuna ce alhali ba abin da ya ƙone. An ba shi kyautar Nobel a 2021 saboda wannan. To in haka ne, mu mutanen Sakkwato duk bazara ana fesa mana barkono kyauta daga sama, ba wanda ya ba mu ko satifiket.

Ina za a ajiye shi ke nan? Kicin akwai wuta. Ɗaki akwai kwano. Firji uwargida ta ce sai dai in zaɓa, ko shi ko ita, kuma dama firjin ya fi zama kabad saboda rashin wuta. Wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan shi ne gindin randa, ƙarƙashin bishiyar dogonyaro. Nan na kai shi. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, na ɗaure da igiya saboda yara, na kifa tsohon kwando a kai. Da safe kafin in tafi makaranta in yayyafa masa ruwa, da azahar in bugo waya in tambaya ko an yayyafa, da dare in ɗauko shi in kwantar kusa da kaina. Uwargida ta ce ko ita da ta yi jego huɗu a gidan nan ba a kula da ita haka ba.

Saje ya zo ya duba makamin. Ya juya shi, ya jinjina nauyinsa, ya ce in gwada shi a fili ko sau ɗaya don hannuna ya saba. Na yi masa lissafi: daƙiƙa 7 ce duka, kowace daƙiƙa da kuɗinta, ba zan fesa wa fili kuɗin makarantar ɗana ba. Ya ce, “To ka san inda iska ke bi cikin gidanka?” Na yi dariya. Wace iska a Sakkwato a wannan wata? Ganyen dogonyaro ma a tsaye yake cak. Ya miƙo mini abina ya tafi bai ƙara cewa komai ba.

Ana haka sai surukata ta zo daga Wurno ganin likitan ido. Inna tsohuwa ce mai kunya da kawaici irin na da. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa uwargida ko da ina tsaye a wurin. Ta zo mana da albasa, da tafarnuwa, da ƙatuwar ƙwaryar nono wadda aka ce a bari sai da safe a dama fura.

Daren nan zafi ya kai inda ya kai, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Mata da ƙananan yara ta wajen kicin, an ɗaura zane a igiyar shanya ya raba, mu maza ta ƙofar ɗaki. Babbar fankar ƙasa mai juya kai an kafa ta can ta wajen katanga, ta fuskanto Inna, an bar ta a kunne ko Allah zai sa a kawo wuta. Batirina ba ya ɗaukar ta, ƙwan fitila da cajin waya kawai yake iyawa. Ina so mai karatu ya riƙe wurin da fankar nan take, don duk wanda ya ba da labarin nan a unguwa yana tsallake shi.

Can tsakar dare na ji dif. Na buɗe ido ɗaya. Mutum ne tsugune a gindin katanga, daidai akwatin batiri. Na taɓa gefena, ƙanen uwargida yana nan yana minshari, ke nan ba shi ba ne. Na so in yi ihu, murya ta ce ba da ita ba. Na lalubo makami. Igiyar da na ɗaure saboda yara ta jiƙe ta ƙulle tamau, sai da na sa haƙori. Na warware buhu. Na ja kunama, ta ƙi. Akwai wani ɗan makulli na roba da ake zarewa tukuna, wanda da an yi gwajin da Saje ya ce da an san da shi, amma wannan maganar ta wuce. Na zare. Mutumin ya ji motsi ya ɗago kai. Na miƙe tsaye, na miƙa hannu biyu, na rufe ido, na danna, kuma ban ɗaga yatsa ba sai da gwangwanin ya yi tsit.

A cikin daƙiƙun nan bakwai aka kawo wuta.

Kwana da kwanaki masu wuta ba su kawo ba. Fanka ta tashi da ƙarfinta, ta zuƙo hazon da na aika wa katanga ta bayanta, ta juyo da shi. Kuma da yake mai juya kai ce, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, ba ta zalunci kowa a rabo ba.

Wanda bai taɓa shaƙar abin nan ba ba zai gane ba. Ido ba ya jiran izininka, rufewa yake yi da kansa ya ƙi buɗuwa. Hanci ya ɓalle. Maƙogwaro ya tsuke, tari ya riƙa fitowa tun daga cibiya. Fuska kuwa ka rantse an kifa ta a kasko. Na ji Inna tana salati tana cewa gobara, na ji yara sun fashe da kuka gaba ɗaya, na ji ƙanen uwargida ya tashi a guje ya yi karo da turmi. Sai muryar uwargida ta ratso cikin tari: “Malam! Mi kay yi muna?” Na ce, “Ɓarawo!” Ta ce, “To mu mi mun ka sata?”

Ba wanda ya yi shawara da wani, kowa ya rarrafa ya nufi randa. Nan muka taru a durƙushe, makafi gaba ɗaya, moɗa tana yawo daga hannu zuwa hannu. A matsayina na wanda ya yi bincike, na riƙa ba da umarni cikin kuka: kada a murza ido, murzawa ƙara tura shi take yi, a yi ta ƙifta ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, mai ne, ruwa ba ya narkar da shi nan take, sai an yi haƙuri rabin awa ko fiye. Ba wanda ya gode mini. Wani daga gefena ya ce, “Sannu Malam, in ka ƙare miƙo min moɗar.” Na miƙa masa. Har na ce masa ya riƙa ƙifta ido.

Inna ce ta ce a ɗauko nono. Na so in yi bayani cewa nono ya fi amfani ga yajin baki, ido kuwa ruwa mai tsabta likitoci suka ce, amma ba a musu da suruka, balle a irin wannan dare. Uwargida ta lalubo ƙwaryar, ta riƙa zuba wa duk hannun da ya miƙo, kowa na shafawa a fuska. Furar safe ke nan ta tafi.

Ita Inna ce kuma ta fara buɗe ido. Mace ce da ta shekara hamsin tana dakan barkono a turmi, abin da ya kayar da mu ita ya ɗan gaishe ta ne kawai. Ta dube mu a hasken wutar da aka kawo, mun yi layi fuska fari fat da nono. Ta ce wa uwargida, “Ke, maza manya nawa ag gidan ga?”

“Biyu, Inna.”

“To ni dai ukku nika gani, kuma guda shanye nonon shikai.”

Bawan Allah ashe tun feshin farko ya samu rabonsa cikakke. Ya nemi katangar da ya hauro ya rasa, ya ji ana tururuwa wajen ruwa, ya bi jama'a. Da ya ji an gano shi ya yunƙura zai tashi, Inna ta damƙe ƙugun wandonsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya riga ya samo muciya. Ni kuma, a matsayin maigida, na ga bai kamata a ce tsohuwa ce ta yi kamun ba. Na daka tsalle ido a rufe na cafke wuyan hannu, na murɗe, na ce, “Na kama shi!” Wurin ya yi shiru, in ban da tari. Sai na ji Inna ta ce a hankali, “Ke, gaya ma Malam ba ni ab ɓarawon ba.”

Shekara da shekaru ina kiyaye kunyar matar nan. Abin da kawai ya rage mini shi ne ko a daren ba mu haɗa ido ba, don ni ba ni da idon haɗawa.

Ihun yara ya tara unguwa. 'Yan sintiri suka bankaɗo ƙofa da gorori da tocila, suka yi taku uku cikin zaure, suka juya da gudun da ya fi na shigowa. Saje ne kaɗai ya shigo, ya naɗe fuska da jiƙaƙƙen tawul, ya wuce kai tsaye ya kashe fanka, abin da ba wanda ya tuna a cikinmu. Ya kwashe yara ya kai waje, sannan ya dawo ya karɓi ɓarawon daga hannun Inna. Matasa sun taru a ƙofar gida kowa da abin dukansa, Saje ya tsaya a gabansu ya ce ba mai taɓa shi, hukuma za a kai shi, kuma abin da aka yi masa a ciki ya isa. Shi kansa ɓarawon roƙo yake a kai shi wurin 'yan sanda, in da hali a biya da shi ta wajen famfo. Su kaɗai kajin uwargida ne ba su san an yi wani abu ba. Tsuntsaye ba sa jin yajin barkono, haka Allah ya halicce su, shi ya sa suke cin sa su yaɗa irinsa. Suna nan kan turkensu ko motsi ba su yi ba, zakara ma ya yi cararsa a kan lokaci.

Akwai ɓangaren da ba na dariya ba. Hazon ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabcina na hagu, wanda mahaifinsa tsoho ne mai ciwon asma, shi ma a waje yake kwance. Numfashinsa ya sarƙe, sai da aka nemo mota aka kai shi asibiti a daren. Allah ya taƙaita, da hantsi aka sallamo shi. Ni na biya kuɗin magani da na mota, na kuma je gaisuwa da lemo. Tsohon ya karɓa ya sa albarka, ya ce a gaba in na tashi yaƙi in riƙa tuna cewa katangar bulo shida ce kawai tsakaninmu.

Da asuba na tafi masallaci da rigar da na kwana da ita, don ban ga wata ba. Ban san tufafi na riƙe abin ba sai da sahun da nake ya fara tari, na gaba ya karɓa. Liman, wanda ya saba jan doguwar sura da asuba, ranar gajeru ya karanta. Inna kuwa ta je wurin likitanta kamar yadda aka tsara. Uwargida da ta raka ta ta ce da likita ya haska idon ya tambaya ko wani abu ya shiga, sai Inna ta ce, “A'a ɗana, tsaro an ka ba mu.”

Mai unguwa ya kira zama bayan la'asar. An daɗe ana gardama a kan wanda ya kama ɓarawo. Ni na tsaya a kan cewa barkonona ne, don ba don shi ba da mutumin ya haura da batiri ya tafi. Ƙanen uwargida ya ce Inna ce. Saje ya ce a ganinsa na soja, fanka ce ta yi aikin, don ita kaɗai ta san inda take saiti. 'Yan sintiri suka ce su dai a duba maganar idanunsu. Na nemi a rubuta a takarda cewa laifin na masu kawo wuta ne ba sanarwa, mai unguwa ya ce in an fara rubuta laifinsu takarda ba za ta isa ba. A ƙarshe aka yanke cewa duk wanda zai ajiye irin wannan abu a layinmu ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji matsayinsa, ya kuma sanar da maƙwabta na dama da hagu. Ni kuwa aka ƙara mini sharaɗi na musamman: idan ɓarawo ya sake shigowa, in fara yin ihu sau uku don jama'a su rufe tagogi su kashe fanka. Na tambaya shi ɓarawon fa, zai tsaya jira? Mai unguwa ya ce labari ya riga ya zaga Mabera, duk wanda ya hauro gidana yanzu ya san abin da ya zo nema.

Yara a layi sun sa mini suna Malam Tonka, wato barkono, har ɗalibaina sun samu labari, in na shiga aji sai wani ya fara tarin ƙarya daga baya. Mutum biyu sun same ni a ɓoye suna tambayar lambar Bayeraben.

Shi ma da ya ji yadda aka yi, sai ga shi ya turo hoton wani sabo, ja, mai maɗaurin ratayawa a kafaɗa, ya ce wannan ya ninka wancan, kuma tun da ni bawansa ne na amana zai yi mini ragi. Wayar tana hannun uwargida lokacin da saƙon ya shigo. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta amsa masa da saƙon murya na minti huɗu, ta goge, ta miƙo mini wayata. Da na kira shi washegari don jin farashi kawai, ya ce kayan sun ƙare a duk faɗin Legas, kuma ba a sa ran shigowar wasu.